Yadda malami zai gina rumbun tambayoyin gwaji a Google Sheets ko Excel

Duk ƙarshen zango abu ɗaya ake gani a ɗakin malamai. An ce gobe za a miƙa tambayoyi ga mai buga takardu, malam ya zauna da littafi yana ƙoƙarin haɗa canki-canka arba'in a dare ɗaya, su kuwa na bara suna cikin wani littafin rubutu da ba a san inda ya shiga ba. Na yi shekaru a haka. Da na koma shirya gwaji ta intanet sai na riƙa rubuta tambayoyina kai tsaye a cikin wani dandalin gwaji, har ranar da dandalin ya mayar da wasu abubuwansa na kuɗi. Aikin zango uku yana ciki, ba ni da hanyar kwashe shi sai dai in kwafa ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar na daina ajiye hatsina a rumbun wani. Tambayoyina suna zaune a jadawali guda da ke hannuna, kowace tambaya da layinta, daga nan nake ɗiba in kai dandalin gwaji na intanet irin su Google Forms, ko Kahoot, ko Moodle, ko in buga a takarda. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, saboda haka yaron da ya saba amsa tambaya a allon waya ko kwamfuta tun yana SS1 an rage masa fargaba ɗaya. Ga yadda nake yi.

Shimfiɗa jadawalin

Buɗe sabon Google Sheets, ko Excel idan shi ka saba da shi. Na fi son Sheets saboda yana ajiye kansa, ana buɗe shi a waya, kuma idan ka kunna Available offline za ka iya aiki ko babu data. Shafin farko ka raɗa masa suna Rumbu. A layin farko ka rubuta kanun ginshiƙai, daga A zuwa N, a wannan jeri: Lamba, Darasi, Aji, Maudu'i, Tambaya, A, B, C, D, Amsa, Bayani, Nauyi, Ranar amfani, Kason da suka ci. Tambaya tana ginshiƙin E ke nan, zaɓi huɗu suna F zuwa I, amsa tana J, bayani yana K. Ka riƙe wannan jerin, domin duk lissafin da zai zo a ƙasa a kansa aka gina shi. Idan kana shirya ɗalibai da zaɓi biyar ne, sai ka ƙara ginshiƙi ɗaya ka gyara haruffan.

Daga View ka zaɓi Freeze, ka kafe layin farko don kanun su tsaya ko ka gangara layi na ɗari biyar.

Kafin ka rubuta ko tambaya ɗaya, ka zaɓi ginshiƙan E zuwa I, ka shiga Format, Number, ka danna Plain text. A Excel sunansa Text. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ɓata wa malaman lissafi aiki. Idan ka rubuta 1/2 a gidan da ba a mayar da shi rubutu zalla ba, jadawalin zai ɗauka kwanan wata kake nufi ya juya maka shi. Idan ka rubuta 007 zai cinye sifilan. Idan amsa ta fara da alamar = zai ɗauka lissafi ka ba shi.

Akwai kuma wani tarko da mu masu rubutu da Hausa muka fi kowa faɗawa. Duk gidan da ya fara da waƙafin sama, jadawali yana ɗaukar wannan alamar a matsayin umarni, ya ɓoye ta. Ka rubuta 'ya'ya, ya nuna maka ya'ya. Ka rubuta 'yan'uwa, ta farko ta ɓace. Malamin Hausa da ke gwada ƙa'idojin rubutu, amsarsa ta daidai ta zama kuskure bai sani ba. Maganinsa shi ne ka buga alamar sau biyu a farkon gidan, ɗaya za ta ɓuya ɗaya ta fito. Malamai a Nijar da ke rubuta ƴ ba su da wannan damuwar. Su ma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ka rubuta su daidai tun farko. Gboard yana da madannin Hausa a waya. Tambayar da ke neman bambancin kafa da ƙafa ba ta da amfani idan ƙugiyar ta faɗi.

Lamba da tambari

Kowace tambaya ka ba ta lambar da ba za ta taɓa canzawa ba, kamar TAR-SS1-001 ga tarihi, ko HAU-JS2-047. Ko ka gyara kalmominta, ko ka sake jera shafin, lambar tana nan. Idan ka goge tambaya kada ka ba wata lambarta. Amfanin wannan sai bayan gwaji zai bayyana, lokacin da kake son mayar da sakamako ga tambayar da ta haife shi.

Ginshiƙan Aji, Maudu'i, Amsa da Nauyi kada ka bar su a buɗe a rubuta abin da aka ga dama. Ka zaɓi ginshiƙin, ka shiga Data, Data validation, ka yi masa jerin zaɓi. Amsa: A, B, C, D kawai. Nauyi: sauƙi, matsakaici, wuya. Maudu'i kuwa ka kwafo sunayen daga tsarin karatun zangon, ka jera su a wani shafi na dabam, jerin ya riƙa ɗaukowa daga can. Dalili shi ne idan yau ka rubuta "Karin magana", gobe "Karin maganganu", jibi abokin aikinka ya rubuta "K/magana", ranar da ka zo tacewa za ka samu kashi ɗaya cikin uku, sauran sun ɓuya.

Rubuta tambayoyin, inda ainihin aikin yake

Jadawali ba ya gyara tambaya mara kyau, yana dai adana ta ta daɗe tana cutar ɗalibai. Saboda haka a nan ya kamata ka ɓata lokaci.

Tambaya ta tsaya da ƙafarta, yadda yaron da ya san abin zai iya amsawa ko ka rufe zaɓin da hannu. Sannan amsoshin ruɗu guda uku su fito daga kurakuran da ɗalibai ke yi da gaske. Ɗauki wannan misalin: "A wace shekara aka fara jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo?" Amsa 1804. Idan ka sa 1500 da 1999 da 2010 a gefenta, ba ka gwada komai ba, wanda bai taɓa shiga ajin ba ma zai canka. Amma ka sa 1817, shekarar rasuwar Shehu, da 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, da 1914, shekarar haɗe kudu da arewa. Duk ukun shekaru ne da yaron ya ji a ajinka, kuma wadda ya zaɓa za ta gaya maka ainihin inda ya rikice. A ginshiƙin Bayani sai ka rubuta jimla ɗaya ko biyu: "1804 aka fara jihadi. 1817 Shehu ya rasu." Wannan bayanin shi ɗalibi zai gani idan ya faɗi, kuma a wurina ya fi makin daraja, domin gyara ne da ya iso lokacin da abin ke da zafi a ransa.

Hanya mafi sauƙi ta samun amsoshin ruɗu masu kyau ita ce takardun da ka riga ka duba. Duk kuskuren da ka ga yara biyar sun maimaita a aikin gida, ka rubuta shi a gefe. Ba ka buƙatar ƙago komai.

Ka guji zaɓin "duk na sama", "babu ko ɗaya a ciki", ko "A da B". A takarda suna wucewa, amma a intanet ana cakuɗa jerin zaɓi, sai "duk na sama" ya koma shi ne na farko, babu komai a samansa. Ka lura kuma da tsawon amsa. Mu malamai muna da halin yi wa amsar daidai cikakken bayani mu bar sauran gajeru, kuma yara sun daɗe da gano mu. Idan dole ka yi tambayar korewa, ka rubuta BA ko BANDA da manyan baƙaƙe.

Kada ka ce sai ka cika rumbun a mako ɗaya. Tambaya biyar bayan kowane darasi, lokacin da kake tuna abin da ya ba yara wuya, sun fi hamsin na daren jarrabawa. Mai darasi uku a mako, cikin mako goma ya tara ɗari da hamsin.

Bari jadawalin ya duba maka

Abu uku nake sa shi ya kama mini. Na farko tambayar da aka maimaita. Zaɓi ginshiƙin E, shiga Format, Conditional formatting, zaɓi Custom formula, ka rubuta:

=COUNTIF($E:$E,$E1)>1

Duk tambayar da ta fito sau biyu za ta canza launi. Na biyu rabon amsoshi. A wani gefe ka rubuta =COUNTIF(J:J,"A"), ka maimaita wa B da C da D. Ranar da na fara yin wannan na tarar kusan rabin amsoshina C ne, ban taɓa lura ba. Idan naka ma ya karkata, ka sauya wa wasu wuri. Na uku tsawo: =LEN(E2) yana ƙirga haruffan tambaya. Za ka buƙace shi idan Kahoot za ka kai su.

Ɗibar na gwaji

Buɗe sabon shafi ka kira shi Tace. A gidan A2 ka rubuta:

=FILTER(Rumbu!A2:K, Rumbu!C2:C="SS1", Rumbu!D2:D="Jihadin Sakkwato")

Duk tambayoyin wannan ajin a wannan maudu'in za su fito. Kwafe su, ka buɗe shafi na uku mai suna Gwaji, ka sa kanu a layin farko, ka liƙa daga A2 da Ctrl+Shift+V don rubutun kawai ya sauka ba lissafin ba. Ka zaɓi layukan, ka shiga Data, Randomize range, ya cakuɗa su, ka bar adadin da kake so ka goge sauran. Masu tsohon Excel da ba shi da FILTER su yi amfani da matacin da ke kan kanu, sannan su sa =RAND() a ginshiƙi na gefe su jera da shi.

Kada ka bar wa sa'a komai. Ka duba cewa kowane maudu'i ya samu rabo gwargwadon makonnin da ka yi kana koyar da shi, kuma akwai masu sauƙi da za su kwantar wa mai rauni hankali. Waɗanda ka ɗauka, ka koma Rumbu ka rubuta kwanan wata a ginshiƙin M, don kada tambaya ɗaya ta fito zango uku a jere.

Kai su Google Forms

Forms ba shi da maɓallin ɗauko tambayoyi daga jadawali kai tsaye. Tambaya goma za ka iya kwafa da hannu. Idan sun kai arba'in, ɗan gajeren umarni zai yi maka aikin. Wannan matakin kwamfuta yake so, ba ya yiwuwa a manhajar Sheets ta waya. Daga cikin jadawalin ka shiga Extensions, Apps Script, ka goge abin da ka tarar, ka liƙa wannan:

```
function yiGwaji() {
  const shafi = SpreadsheetApp.getActive().getSheetByName('Gwaji');
  const layuka = shafi.getDataRange().getDisplayValues().slice(1);
  const fom = FormApp.create('Gwajin Tarihi SS1').setIsQuiz(true);
  fom.addTextItem().setTitle('Suna da aji').setRequired(true);
  fom.addPageBreakItem().setTitle('Tambayoyi');
  fom.setShuffleQuestions(true);
  layuka.forEach(function (l) {
    const t = fom.addMultipleChoiceItem();
    const zabi = ['A', 'B', 'C', 'D'].map(function (h, i) {
      return t.createChoice(l[5 + i], h === l[9]);
    });
    t.setTitle(l[4]).setChoices(zabi).setPoints(1).setRequired(true);
    if (l[10]) {
      t.setFeedbackForIncorrect(FormApp.createFeedback().setText(l[10]).build());
    }
  });
  Logger.log(fom.getEditUrl());
}
```

Ka ajiye, ka danna Run. Karon farko Google zai nemi izininka, har ya yi gargaɗin cewa bai tantance wannan umarnin ba. Tunda kai ka liƙa shi kuma ka ga abin da ke ciki, ka danna Advanced ka ba shi izini. Umarnin da ba ka san daga inda ya fito ba kuwa, kada ka ba shi. Idan ya gama, adireshin fom ɗin zai fito a ƙasa, kuma za ka same shi a Drive ɗinka.

Lambobin da ke ciki ƙirgar ginshiƙai ce daga sifili: 4 ita ce Tambaya, 5 zuwa 8 zaɓi, 9 Amsa, 10 Bayani. Idan ya tsaya da jan rubutu, abu biyu ne galibi: ko akwai gidan zaɓi da ka bari fanko, ko zaɓi biyu a tambaya ɗaya sun zama iri ɗaya, wanda Forms ba ya karɓa. Ka gyara, ka goge fom ɗin da ya tsaya a rabi, ka sake.

Shiga Settings na fom ɗin ka yanke shawara kan lokacin sakin maki. Idan gwajin bita ne, a saki nan take yara su ga bayani. Idan na maki ne, ka zaɓi a saki daga baya, in ba haka ba wanda ya fara gamawa zai tura wa sauran amsoshin a WhatsApp. Zaɓin amsa sau ɗaya kacal yana tilasta wa kowa shiga da asusun Google, kuma a ajin da yara uku ke amfani da wayar yayansu ɗaya wannan zai hana biyu shiga. A irin wannan halin na fi barinsa a kashe, in nemi lambar rajista, in ɗauki amsar farko ta kowa tunda fom yana rubuta lokacin da aka tura. Kafin ka raba adireshin, ka danna Publish idan ka gan shi a sama, sannan ka amsa gwajin da kanka a waya daga farko har ƙarshe.

Kahoot da Moodle

Kahoot yana da nasa jadawalin samfuri da ake saukewa daga wurin shigo da tambayoyi. Tambaya ba ta wuce harafi 120, kowane zaɓi ba ya wuce 75, ana zaɓar daƙiƙun amsawa daga jerin da suka bayar, kuma amsar daidai da lamba ake rubuta ta. Don mayar da harafi lamba sai ka yi =CODE(J2)-64, A ta zama 1, D ta zama 4. Ka liƙa a samfurinsu, ka ajiye a matsayin xlsx, ka ɗora. Kahoot na wasa da bita ne a cikin aji, ba na ba da makin zango da shi, domin yana fifita mai saurin yatsa.

Malaman kwaleji da jami'a da makarantarsu ke da Moodle, tsarin Aiken, wato hanyar jera tambayoyi a rubutu zalla yadda Moodle zai iya karantawa, ya fi sauƙi. A ginshiƙi na gefe a shafin Gwaji ka rubuta:

=E2&CHAR(10)&"A. "&F2&CHAR(10)&"B. "&G2&CHAR(10)&"C. "&H2&CHAR(10)&"D. "&I2&CHAR(10)&"ANSWER: "&J2

Ka ja shi ƙasa, ka kwafe, ka liƙa a Notepad. Za ka ga alamar zance ta kewaye kowace tambaya. Ka cire su da Ctrl+H, amma ka san cewa zai haɗa da waɗanda ka sa da gangan a cikin tambaya, sai ka duba. Wajen ajiyewa ka tabbata UTF-8 ka zaɓa, in ba haka ba ƙ da ɗ za su koma alamar tambaya. Kalmar ANSWER dole da manyan baƙaƙe, kuma kowace tambaya ta zauna a layi ɗaya. Aiken ba ya ɗaukar bayanin amsa. Mai son bayani sai ya koyi tsarin GIFT, wani tsarin rubuta tambayoyi da Moodle ke karɓa.

Bayan gwaji, ka dawo

Ginshiƙin N shi ne ya bambanta rumbu da tarin tambayoyi, kuma yawancinmu ba ma cika shi. A Forms, ƙarƙashin Responses, za ka ga yawan waɗanda suka ci kowace tambaya da zaɓin da kowa ya bi. Ka raba waɗanda suka ci da jimillar waɗanda suka amsa, ka rubuta kason a gaban lambar tambayar. Minti goma sha biyar ya isa gwajin tambaya ashirin.

A zaɓi huɗu, canka kawai tana ba da kashi 25 cikin ɗari. Saboda haka tambayar da kasonta ya tsaya kusa da nan, ko ya yi ƙasa, na kan tuhume ta kafin in tuhumi yara. Na fara duba ginshiƙin Amsa, domin sau da yawa ni na danna B a maimakon D. Idan amsar daidai ce, sai in sake karanta tambayar in ga ko tana da fuska biyu. Idan ita ma lafiya take, to darasin ne bai shiga ba, sai in sake koyar da shi. Wadda kusan kowa ya ci ba a jefar da ita, a mayar da nauyinta zuwa sauƙi. Zaɓin da babu ko yaro ɗaya da ya taɓa shi kuwa ya mutu, a canza shi da wani kuskuren da ake yi da gaske.

Akwai gwaji ɗaya da ya fi waɗannan tona asiri. Jera ɗalibai bisa makinsu, ka ware kusan rubu'in sama da rubu'in ƙasa, ka duba tambayar da kake shakka. Idan na ƙasa sun fi na sama cin ta, akwai abin da ke ruɗar wanda ya yi karatu, kuma bai kamata ta sake fita ba sai an gyara ta.

Idan ku da yawa ne a sashe ɗaya, ku haɗa rumbu guda, ku ƙara ginshiƙin sunan wanda ya rubuta da na wanda ya duba, kada tambaya ta shiga gwaji sai ido na biyu ya gan ta. Ku raba jadawalin ta adireshin imel na kowane malami, kada ku taɓa buɗe shi ga duk mai adireshin shafin, domin amsoshin suna ciki. Idan wani ya yi ɓarna bisa kuskure, File, Version history zai dawo da yadda yake jiya. Sunayen ɗalibai da makinsu kuma su zauna a wani fayil dabam, ba cikin rumbun da ake rabawa ba.

A ƙarshen kowane zango ka shiga File, Download, ka sauke kwafin xlsx ka ajiye a filasha da sunan zangon da shekarar. Yaran da ba su da waya kuma, daga wannan shafin Gwaji za ka kwafi ginshiƙan E zuwa I ka buga musu a takarda, su zauna rana ɗaya da sauran, ka shigar da sakamakonsu da hannu kafin ka cika ginshiƙin N.